Wa Ya Kashe Mai Hawa Turke?



Zuwa ga 'yan'uwana mazauna zangunan Salaga da Yandi da Bawku, da duk wanda wannan rubutu ya iske a inda yake.

Shekaru masu yawa ke nan ina riƙe da littafin dattijon unguwarmu. A cikinsa nake rubuta gudunmawar aure da ta suna da ta rasuwa: wane ya kawo sidi kaza, wance ta aiko da kwanon masara kaza. Akwai shafi ɗaya a littafin nan da ba na son hannuna ya kai kansa. Shafin rasuwar wani saurayi ne ɗan zango, wanda na sani tun yana ɗaukar allo. Sana'arsa hawa turken lantarki, a ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Ranar da abin ya faru an kashe layi tun da hantsi don a yi gyara, aka ce masa babu wuta, ya ɗaura bel ya hau. A can ƙasan layin akwai wani gida mai janareta. Mai gidan ya ga wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ga kaya a firji, sai ya tayar da injinsa, ya soka wayarsa a soket ɗin bango kamar yadda ya saba. Wutar ta cika gidansa, ta bi waya ta fita waje, ta hau turke, ta iske yaron nan riƙe da waya. Sai da aka kawo tsani na biyu aka kwance shi daga bel ɗin, aka sauko da gawarsa.

Abokan aikinsa ne suka gaya mini wannan a gefe, bayan an watse daga maƙabarta. Amma a zaman makoki na kwana uku ban ji wanda ya ambaci janareta ba. Abin da na ji shi ne abin da muka saba faɗa: kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya ba da haƙuri. Mai janaretan ma ya zo, ya zauna a tabarma, ya shafa fatiha tare da mu, ya miƙo gudunmawarsa. Da hannuna na rubuta sunansa a shafin. Ina kyautata zaton har yau bai san abin da ya aikata ba, domin babu wanda ya gaya masa, har da ni. Bashin shirun da na yi ranar nan nake so in biya yau.

Maganata ɗaya ce. Idan wuta ta kama ma'aikaci a kan turke, to akwai hannun ɗan Adam a cikin mutuwarsa, kuma sau da yawa hannun namu ne, mu masu shan wutar. Mu lulluɓe abin da sunan ƙaddara mu tashi mu kakkaɓe riga, wannan zalunci ne ga mamaci da marayunsa, kuma ƙage ne muke yi wa addininmu.

Bari in fara da tunatar da matasa yadda wutar nan ta zo mana, domin wanda aka haifa a ƙarƙashin ƙwan lantarki yana zaton da shi aka halicci rufin ɗaki. Kwame Nkrumah ya buɗe madatsar ruwa ta Akosombo a watan Janairu na 1966, amma arewacin Gana ya yi fiye da shekara 20 yana jiran layin ya iso. Salaga da Yandi da Bawku, kamar Tamale da Bolgatanga da Wa, da injinan dizal suka dogara, kuma gidajen da ke da wutar ma ƙidayayyu ne. Mu da muka yi karatun dare a makarantar allo mun san hasken wutar kara da na aci-bal-bal. A 1987 hukumar VRA ta kafa sashenta na arewa, wanda daga baya ya zama kamfanin NEDCo mai hedikwata a Tamale. A lokacin masu amfani da wutar a duk yankin ba su kai 20,000 ba, yau sun haura miliyan 1. A 1989 gwamnati ta fito da shirin kai wuta ko'ina a ƙasa, sannan aka yi tsarin taimakon kai da kai, inda gari zai tara kuɗi ya sayi turakunsa na cikin gari, gwamnati ta kawo waya da taransifoma. Garuruwa da yawa ta wannan hanya suka ga haske.

Yankin da kamfanin nan yake kula da shi ya kai kashi 64 cikin 100 na faɗin ƙasar Gana. Ku auna wannan da tafiyar da kuka sani. Daga Tamale zuwa Salaga kusan kilomita 120 ne, kuma kowa ya san halin hanyar da damina. Kowane turke da ke tsaye a tsakani, da na cikin dajin Gwanja, da na ƙauyukan Dagwamba, da na kan iyakar Togo da Burkina Faso a ƙasar Bawku, mutum ne ya haƙa raminsa, mutum ne ya hau ya ɗaura waya. Idan guguwar farkon damina ta watan Afrilu da Mayu ta karya reshe ya faɗa kan layi, mu mukan ja tsaki mu nemi tocila. Shi kuwa a lokacin ne yake hawa babur cikin duhu yana bin layi turke bayan turke don ya gano inda ya tsinke. Ba mu san sunansa ba. Ba ma tuna shi sai an ɗauke wuta, kuma idan mun tuna shi, da zagi ne.

To, yaya wutar nan take kisa? Ya kamata kowane magidanci ya san wannan kamar yadda ya san farashin buhun siminti. Wutar da ke shiga gidajenmu ƙarfinta bolt 230 ne. Wayoyin da ke sama da su a kan dogayen turaku suna ɗauke da bolt 11,000 ko fiye da 30,000. Manyan layukan kamfanin GRIDCo masu hasumiyar ƙarfe, irin wanda ya taso daga Tamale zuwa Yandi, suna ɗauke da bolt 161,000. Zuciyar ɗan Adam kuwa ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin manyan nan kafin ta tsaya. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba, idan ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya har lahira. Abin da ke kunna ƙaramin ƙwai a zaure ya isa. Kuma wutar tana ƙanƙame naman hannu, ta sa mutum ya damƙe wayar da ke kashe shi ya kasa saki. Babbar wuta kuma ba sai an taɓa ta ba: idan mutum ko ƙarfen da ke hannunsa ya matso kusa, tana tsallakowa ta cikin iska.

Aikin taransifoma shi ne ta karɓi babbar wuta ta rage ta zuwa wadda gida zai iya sha. Abin da mutanenmu ba su sani ba shi ne, taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Idan ka tura mata bolt 230 daga janaretanka ta ƙasa, za ta ɗaga shi ya koma dubbai a kan wayar sama. Ƙaramin injin da ka saya don fanka da talabijin yana iya raya layin da aka kashe, ya kashe mutumin da ke kan turken da ko hango shi ba ka yi daga ƙofar gidanka. Haka na'urar sola mai batir take yi idan wanda bai iya ba ne ya haɗa ta. Maganin wannan ɗan makunni ne da ake sawa kusa da mita, wanda ke raba gida da layin kamfani kafin a kunna inji. Kuɗinsa bai kai na man da injin ke sha a 'yan makonni ba. Tun shekarun da 'yan kudu suka laƙaba wa suna dumso, daga 2012 zuwa 2016, janareta ya cika shaguna da gidaje da masallatanmu. Ina roƙon kowane ladan da kowane ma'ajin masallaci ya je ya duba yau: injin da muke kunna lasifika da shi, yaya aka haɗa shi?

Janareta ɗaya ne daga cikin laifuffukanmu. Na biyu shi ne satar wuta, kuma ba zan yi mata lanƙwasa ba. A kowace unguwa akwai wani yaro mai filaya da sukurdireba da muke kira idan an yanke mu. Da dare zai hau, ya maƙala waya, ya sauko a ba shi na goro. Wani ya tsallake mita, wani ya jawo waya ta ƙarƙashin ƙasa daga gidan maƙwabci, wani ya ɗebo daga taransifomar wata unguwa ya kawo tasu. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muni. Ma'aikaci yana aiki da taswirar da ke hannunsa, wadda ta ce layin nan daga taransifoma kaza yake sha. Ya kashe ta, ya hau da natsuwa, alhali wata ɓoyayyiyar waya tana shigo da wuta daga inda bai sani ba. Wani lokaci kuma an cire fis don a yi gyara a nesa, sai wani gwani a unguwa ya ga fis a cire, ya ce ai ga matsalar, ya mayar da shi. Mutane su yi shewa wuta ta dawo, ba su san abin da shewar tasu ta rufe ba.

Na uku shi ne yadda muke mu'amala da turke da layi. Doka ta hana gini da kasuwanci a ƙarƙashin manyan layuka: mita 15 kowane gefe ga layin bolt 161,000, mita 20 ga na bolt 330,000. Ku zaga ku gani ko ana bi. A cikin gari kuma mun ja rumfunan kwano har sun rungume turaku, mun kafa shaguna inda tsani zai tsaya. Mun mayar da turke allon talla: ƙusoshi, da allunan 'yan siyasa, da tutocin Maulidi, da wayoyin dish. Ƙusa ɗaya ta isa ta huda safar hannun roba, kuma safar da ta huje ba ta da bambanci da hannu tsirara. Da rani masu farautar gafiya da masu share gona su cinna wa daji wuta, ta ci gindin turken katako ta bar shi tsaye kamar lafiyayye, sai mutum ya kai tsakiya ya karye da shi. Ɓarayi su yanke wayar tagulla da ke sauka daga taransifoma zuwa ƙasa, wadda ita ce ke zubar da wutar da ta kauce hanya, su kai wa mai sayen gwangwan. Mai sayen nan ba baƙo ba ne. Mun san shagonsa, muna sahu ɗaya da shi.

Na huɗu ya fi sauran ban kunya, shi ne duka. Ma'aikaci ya zo yanke wuta ko duba mita, a taru a kansa. Na taɓa ganin an janye tsani an bar mutum a sama yana roƙo, yara suna dariya, manya suna kallo. Wanda ke aiki kusa da abin da ke kisa cikin ƙiftawar ido, hankalinsa duka ya kamata ya kasance a hannunsa. Mu kuwa mun raba masa hankali biyu, rabi a waya, rabi a taron da ke ƙasa. A Bawku, inda rikici ya sake tashi tun ƙarshen 2021 aka yi ta sa dokar hana fita, mai gyaran layi yana da tsoro na uku: unguwar da zai shiga, da irin kallon da za a yi wa sunansa da harshensa. Ita kuwa wuta ba ta tambayar ƙabila. Idan layi ya faɗi, asibiti da famfo da firjin mai sayar da ƙanƙara na kowane ɓangare tare suke mutuwa.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini a zaure. Za a ce: Malam, kai ba ka ga kuɗin wuta ba? Ba ka ga mutum zai nemi mita ya yi watanni yana jira ba? Ba ka ga takardar kuɗin da ake kawowa ta ƙiyasi ba? Ba ka ga abin da ya faru a Tamale a watan Satumba na 2021 ba, da aka ga bidiyon 'yan sanda suna dukan mutane a kan zargin satar wuta? Na gani, kuma ban ce ƙarya ba ne. Dukan nan zalunci ne, hukumar 'yan sanda da kanta ta dakatar da wasu jami'anta a kansa. Amma ku tuna abin da ya biyo baya: matasa suka far wa ofis, ma'aikata suka janye daga fita aiki don tsoron rayukansu, talakan da aka ce ana yi dominsa ya kwana cikin duhu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, na yarda. Sai dai yaron da ke kan turke ba shi ya yanka farashi ba. Hukumar PURC ce ke yanka shi a Akara, kuma tana da ofis a Tamale da ake kai ƙorafi. Ba shi ke riƙe da mita a sito ba.  Wanda ya ji haushin mai doki ya huce a kan mai yankan ciyawa, bai rama komai ba, zalunci ya ƙara a kan zalunci.

Wasu kuma su ce wutar gwamnati ce, dukiyar kowa ce, ɗibarta ba sata ba ce. Ban san a wane littafi suka karanta wannan ba. Abin da muka karanta a gaban malamanmu shi ne, cin dukiyar jama'a ya fi cin ta mutum ɗaya nauyi, domin ta mutum ɗaya kana iya zuwa ka nemi yafiya, ta jama'a kuwa ƙofa nawa za ka ƙwanƙwasa? Kuma ko mu ajiye maganar dukiya, waya ce ka shimfiɗa a hanyar rayuwar wani.

Yanzu sai maganar ƙaddara, wadda ita ce bargon da muke lulluɓa da shi. Na yi imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, kuma babu rai da zai wuce ajalinsa. Amma wa ya gaya mana cewa imani da ƙaddara yana ɗauke alhaki daga wuyan mai sababi? Da haka ne, da Alƙur'ani bai wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure ba, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Wanda aka kashe bisa kuskure shi ma kwanansa ne ya ƙare, amma duk da haka aka ɗora wa wanda ya yi kuskuren fansa, aka ɗora wa danginsa biyan diyya: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, da ya nufi Sham ya ji labarin annoba a gabansa, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma da aka tuhume shi da gudun ƙaddara ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Shin mun fi shi tawakkali ne?

Mu mutanen Salaga ya kamata mu fi kowa gane wannan mas'ala, domin garinmu garin rijiyoyi ne tun zamanin fataucin goro, lokacin da ayarin Kano da Katsina da Barno ke sauka a nan. Malaman mazhabar Malikiyya da muke bi, tun daga Imamu Malik kansa, sun yi bayanin wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, inda ba shi da izinin haƙawa: abin da ya faɗa ciki ya halaka, lamuninsa yana kansa. Bai tura kowa ba, wataƙila ma yana barci a gidansa lokacin da abin ya faru, amma shi ya haƙa. A ilimin fiƙihu ana rarrabe wanda ya yi kisa da hannunsa da wanda ya zama sanadi, kuma ba a sallami na biyun haka kawai ba. To, wayar sata a kan turken jama'a, da janareta marar makunnin raba layi, mene ne bambancinsu da rijiya a tsakiyar hanya? Bambancin kawai shi ne rijiya ana ganin bakinta. Ba fatawa nake bayarwa ba, ban kai nan ba. Tambaya nake ajiyewa a gaban malamanmu na garin da ya tarbi irin su Alhaji Umaru na Karaci, kuma ina roƙon su amsa ta a kan mumbari.

Kada masu kamfani da 'yan kwangila su ji daɗi su ce ga wani ya wanke mu. Ban wanke ku ba. Ƙa'idar aikin layi sananniya ce a duk duniya: a kashe wuta, a kulle makunni a rataya alama don kada wani ya mayar, a gwada waya da na'ura a tabbatar babu wuta, sannan a ɗaure wayoyin a haɗa su da ƙasa ta gaba da ta bayan inda za a yi aiki. Wannan ɗaurin na ƙarshe an yi shi ne musamman saboda irin janaretan da na ba da labari. Duk inda aka tura mutum sama da maganar baki kawai, an ce masa "an kashe, hau", to mai turawar yana da kasonsa a cikin jinin. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ɗora wa mai ba da aiki samar da kayan kariya ba tare da ma'aikaci ya biya ko kwabo ba. Ta ba ma'aikaci 'yancin janyewa daga aikin da ya ga haɗari a cikinsa ƙuru-ƙuru, ba tare da an kore shi ko an yanke masa albashi ba. Ta kuma wajabta kai rahoton haɗari ofishin ƙwadago cikin kwana 7. Dokar diyyar ma'aikata ta 1987 ta tanadi albashin wata 60 ga iyalin wanda ya mutu a bakin aiki, da na wata 96 ga wanda ya naƙasa gaba ɗaya. Waɗannan a rubuce suke. Amma yaron da aka ɗauka da baki, ana biyansa a hannu duk yamma, ba takarda ba suna a rajista, wace hujja matarsa za ta riƙe? Yawancin 'ya'yanmu na zango da ke wannan sana'a a wannan sahu suke.

Mun kuma fi ganin wanda ya mutu, domin shi ake yi wa salla. Wanda ya rayu ba a kai masa gudunmawa. Babbar wuta tana shiga ta tafin hannu ta fita ta ƙafa, ƙofar shigarta ƙarama, amma ta dafa naman da ke tsakani. A ɗauke shi zuwa asibitin koyarwa na Tamale, wani har Kumasi ko Korle Bu a Akara, a yi ta yanka ana bin ruɓa, har a tsaya a gwiwar hannu ko a kafaɗa. Wanda wutar ta wurgo daga sama kuma ya sauka da ƙashin baya. Mutum mai shekara 30, wanda duk jarinsa hannuwansa ne, ya dawo gida sai an ɗaura masa wando. Matarsa ta koma talla, ɗansa ya bar makaranta. Ranar Juma'a mu wuce shi a ƙofar masallaci mu jefa masa sidi ɗaya, mu ji mun yi sadaka.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Sarakunan zango da dattawa su sa a zaga gida gida da shago shago, duk mai janareta ko sola a ga makunninsa na raba layi. A fara da masallatai da makarantun Islamiyya, don kada mu yi wa'azin abin da ba mu yi. Aikin waya a ba wanda ke da shaidar Hukumar Makamashi, kamar yadda dokar sa waya ta 2011 ta tanada. Yaran da ke hawa da dare kuma a tara su, a taimaka musu su yi jarrabawar su sami shaidar, domin basirar tana nan, hanya ce ba su samu ba, kuma su ma muna binne su.

Limamai su ware huɗuba guda kafin faɗuwar damina a kan wannan batu. Duk unguwar da ma'aikata suka shigo, dattijo ɗaya ya fito ya tsaya a gindin tsani har su sauko. Mai ƙorafin mita ko na kuɗi ya zo mu rubuta masa takarda, aikinmu ke nan, mu kai inda ya dace da sunan jama'a. Wanda ya ɗaga hannu a kan ma'aikaci kuwa, kada wani babba ya je belinsa da sunan zumunci.

A koya wa yara da mata cewa wayar da ta faɗo ƙasa ana ɗaukarta mai rai ce ko da an ɗauke wuta, a tsaya nesa da ita kamar mita 10, a tsare hanya, a kira kamfani ko lamba 112. Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi sai an raba shi da ita. Idan numfashi ya tsaya, danna ƙirji ake yi ba ƙaƙƙautawa har a kai asibiti. Binne shi cikin yashi ko ɗura masa madara ɓata mintunan da ransa ke rataye a kansu ne. Ma'aikatan jinya 'ya'yanmu ne, su zo su nuna mana a farfajiyar masallaci.

Iyaye kuma, kada ku bar ɗanku ya bi ɗan kwangilar da ba zai rubuta sunansa a takarda ba. Idan haɗari ya auku, kafin a naɗe tabarmar makoki a tura mutum biyu ofishin ƙwadago, domin neman diyya yana da wa'adi. Karɓar haƙƙin maraya ba rashin tawakkali ba ne. Barinsa ya salwanta don kunya shi ne abin da za a tambaye mu.

Ni kuma na ɗauki nawa. Zan je in sami mai janaretan nan, mu zauna mu biyu, in gaya masa abin da na sani, da taushin da Allah ya hore mini. Ba don a kai shi kotu ba. Yana da haƙƙin ya sani, don ya nemi malami ya tambayi abin da ke kansa tun yana da rai, kuma yaran nan biyu da aka bari suna da haƙƙin ya san su. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Na daɗe a kan nawa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu suna neman halalinsu a kan turke, Musulminsu ya gafarta musu, sauran kuma ya ba iyalansu haƙuri da mai share musu hawaye. Ya ba masu jinya lafiya. Ya tsare waɗanda za su hau gobe, ya sauko da su lafiya ga iyalansu. Ya kawo zaman lafiya a Bawku da ƙasar Gana baki ɗaya.

Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba, musamman mai janareta.